Masu Labarin Dandalin Marakesh

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

 Shirin namu na yau zai kai mu ƙasar Maroko, birnin Marakesh, wani fili da ake kira Jami'ul Fana. A nan ne aka daɗe ana samun mutanen da ba su da wata sana'a sai ba da labari. A tsaye suke yi, da bakinsu, a tsakiyar jama'a, kuma da abin da aka jefa musu suke yin cefane.

Marakesh tsohon gari ne, Murabiɗun suka kafa shi wajen shekarar 1070. Filin yana bakin tsohuwar kasuwa, kana tsaye a cikinsa kana hango hasumiyar masallacin Kutubiyya. Da hantsi na masu matse lemo ne da masu wasa da maciji da mata masu ƙunshi. Da la'asar sakaliya sai masu abinci su turo kekunansu, hayaƙin gashi ya turnuƙe, makaɗan Ginawa su fara kaɗa ƙarafunansu. Su Ginawan nan, af, jikokin bayin da aka kwasa ne daga wannan yanki namu aka tsallaka Sahara da su, shi ya sa a waƙoƙinsu ake jin ambaton Bambara da Fulani da Hausa.

A cikin wannan hayaniya mai labari yake kafa halƙarsa, wato da'irar masu sauraronsa.

[Ƙarar kasuwa a ƙasa-ƙasa]

Ga yadda abin yake. Dattijo ne cikin jallabiya, wani lokaci da 'yar sanda a hannu. Zai sami wurinsa da aka san shi da shi, ya yi bisimilla, ya ce a yi wa Annabi salati. Mutum uku huɗu su amsa, su tsaya. Wanda ke wucewa ya ga an tsaya, shi ma ya leƙa. Kafin ka ce kwabo an yi da'ira: yara a gaba a tsugune, manya a baya a tsaye, ga ɗan dako, ga yaron shago, ga baƙauyen da ya sauko daga duwatsun Atlas ya sayar da kayansa bai yi niyyar kwana a birni ba.

Sai labari ya kankama. Ko na Antar ɗan Shaddad, baƙin jarumin nan da aka haifa bawa, wanda ya sha wuya kan neman 'yar baffansa Abla. Ko na Saifu ɗan Zi Yazan da aljanunsa. Ko wani daga cikin Dare Dubu da Ɗaya, ko karamar wani waliyyi. Dattijon nan shi ne sarki, shi ne waziri, shi ne tsohuwa mai kai gulma. Murya kawai yake sauyawa, sandar kuma yanzu takobi ce, an jima ta zama linzamin doki. To, daidai inda aka zare takobi, aka ɗaga shi sama kan wuyan jarumi, kowa ya riƙe numfashi, nan zai tsaya cak. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha. Ya yi wa iyayen kowa addu'a, ya roƙa wa mai ba shi buɗi, dirhami su fara zuba. In abin ya yi auki, takobi ya sauka yanzu. In bai yi ba, sai addu'ar ta ƙara tsawo. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai maganin gargajiya ran kasuwa ya san wannan dabara, sai dai shi wannan ba shi da ƙullin gari da zai miƙa maka. Kuɗinka ka ba shi don ka ji ƙarshen zance, ƙarshen kuwa sau da yawa sai gobe. Dogon labari irin na Antar yakan ɗauki watanni.

Ni a ganina nan ne ƙwarewar take. Mutumin da jama'arsa a tsaye suke, ba wanda ya sayi tikiti, ba ƙofar da za a rufe, dole ya iya karanta fuska. Ya ga an fara waige-waige, sai ya jefo abin dariya. Ya ga 'yan ƙauye sun fi yawa, sai ya sauya salon magana. Da yawansu ba su yi karatun boko ba, wasu ma ba sa karatu sam; shekaru suka yi suna tsayawa a halƙar wani kafin su kafa tasu.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

A shekarun 1990 aka so a yi wa filin gyaran zamani, har da maganar dogon gini da wurin ajiye motoci. Wani marubuci ɗan ƙasar Sifen, Juan Goytisolo, wanda ya zauna a Marakesh har ya rasu a can a 2017, ya tashi haiƙan. Hujjarsa ita ce, duniya ta iya kare tsofaffin gine-gine, amma abin da ke Jami'ul Fana a bakin mutane yake, ba dokar da ta san da shi. Maganarsa ta kai kunnen UNESCO. An yi taro a Marakesh a 1997, a 2001 kuma hukumar ta fitar da jerin farko na al'adun baka da na gargajiya guda 19 da ta ce gadon duniya ne. Jami'ul Fana na ciki, haka ma wasan Gelede na Yarabawa. Yarjejeniyar 2003 ta kare irin wannan gado daga nan ta samo tushe.

Fili ya tsira. Masu labari fa? Lokacin da wakilin BBC Richard Hamilton ya bi su yana naɗar muryoyinsu, har ya fitar da littafi a kansu a 2011, 'yan ƙalilan suka rage, mafi yawansu tsofaffi. Talabijin ta riga ta shiga gidaje da finafinan Masar da na Turkiyya, waya ta biyo baya. Shaharar filin ma ta zame musu matsala. 'Yan yawon buɗe ido sun cika wurin, ba sa jin Larabcin Maroko, hoto suke so, mai maciji kuwa ya fi daɗin ɗauka. Ga ƙarar ganguna da lasifika da ta danne muryar tsoho. Takardar UNESCO ba ta biyan kuɗin haya.

Abin da ya ɗan farfaɗo da sana'ar daga wani ƙaramin wuri ya fito. A unguwar Kasba akwai gidan shan shayi mai suna Café Clock, inda aka ware wasu ranaku na mako don labari. Wani tsohon gwani, Alhaji Ahmad Ezzarghani, wanda ya yi gomman shekaru a wannan harka, ya karɓi almajirai matasa, ɗaliban jami'a, har da 'yan mata, alhali a da sana'ar ta maza ce. Shi ya ba da labari da Larabcin gida, su kuma su bayar da shi da Turanci ga baƙi. Wasu za su ce ai wannan ba halƙa ba ce, tunda a zaune ake, da kofin shayi a gaba. Gaskiya ne, an rasa wani abu. Amma ga tsoho, ga yaro yana kallon bakinsa, ga ranar da kowa ya sani. Daga baya aka fara bikin masu labari na duniya a birnin, a 2023 har suka kafa tarihi da labarin da aka yi ta yi ana karɓa-karɓa sama da awa 80 ba tsayawa. Abin burgewa ne, amma da za a ba ni zaɓi, zaman mako-makon nan zan ɗauka.

A Amurka ma da ƙaramin zama aka fara. A 1973 wani malamin makaranta, Jimmy Neil Smith, ya tara mutum kamar 60 don sauraron labari a garin Jonesborough na jihar Tennessee, keken ɗaukar ciyawa ne dandamalinsu. Yau dubbai ke zuwa duk shekara. A New York kuma, ƙungiyar The Moth da aka kafa a 1997 tana shirya dare inda ake zaro sunan mutum goma, kowa minti biyar, ya ba da labarin abin da ya faru da shi, ba takarda a hannu.

[Kiɗa, a sassauta]

Mu a ƙasar Hausa tamu tatsuniyar ba ta taɓa zama sana'ar kasuwa ba. Ta tsakar gida ce, ta dare, a bakin kaka ko goggo, bayan an ci tuwo an shimfiɗa tabarma. Har tsoratar da yara ake yi cewa mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa. Wajen rubutawa kuwa ba a bar mu a baya ba. Frank Edgar ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara nasa, Dakta Bukar Usman ma haka. Gizo da Ƙoƙi da Botorami suna nan a takarda lafiya lau. Abin da takarda ba ta riƙe ba shi ne tsamin bakin Gizo, da waƙar da yara ke yi wa amshi, da yadda tsohuwa ke dakatawa ta tambayi wanda ya fara gyangyaɗi ina aka kwana.

Masu iya wannan suna nan a kowace unguwa, sai dai an daina tambayarsu. Duk makarantar firamare ko ƙungiyar matasan da ke son gwadawa, harabar makaranta ta isa, da dare ɗaya tsayayye a mako, da tsohuwa mai iya tatsuniya, da mutum biyu uku da za su zauna kusa da ita don su koya. Kuma a sallame ta da abin kirki. Kakanninmu kyauta suka yi, amma a lokacin gida ɗaya ake, tukunya ɗaya; wadda aka ɗauko daga wata unguwa a Keke Napep tana da nata cefanen.

A nan za mu dakata. 

[Kiɗan rufewa]