Daga Baitulmali Zuwa Ikko: Yadda Kuɗin Ilmi Ya Yi Ƙaura, Kujerar Shugaban Jami'a Ta Bi Shi

Wanda ya ke so ya fahimci yadda a ke naɗa shugaban jami'a a Arewacin Nijeriya, da yadda a ke sauke shi, dokar jami'ar ita kaɗai ba za ta ishe shi ba. Sai ya bi sawun kuɗin da a ke biyan malamai da su, ya ga daga wace taska su ke fitowa. Cikin shekaru kamar saba'in, watau daga 1909 zuwa 1978, taskar nan ta tashi daga ofishin Ma'aji na garin sarki ta koma Kaduna, ta kuma tashi daga Kaduna ta koma Ikko. Ko wane zango ta sauka, ikon zaɓen wanda zai shugabanci makaranta ya kan sauka tare da ita. Tarihin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ya fi nuna wannan a fili, amma sai an fara komawa ga makarantun da suka riga ta.

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. A ƙasashen sarakunan Musulmi Gwamnati ba ta sakar wa 'yan mishan mara ba, saboda haka nauyin ilmin boko bai sami mai ɗauka ba sai Gwamnati da En'e. Kalmar En'e kuwa haruffa biyu ne na Ingilishi da bakin Bahaushe ya narkar, kamar yadda ya yi wa Di'o. Baitulmali kuma Larabci ne da ya daɗe a ƙasar tun kafin Turawa, suka same shi suka ɗora masa sabon aiki. Aikin shi ne wannan: dagatai da hakimai su tara haraji da jangali, a raba, Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya zauna a baitulmali. Daga cikin sauran nan a ke gina makarantar elementare, a biya malaminta, a sayi allo da alli. Makarantun Midil da aka tsara wajen 1930, kusan ɗaya a ko wane lardi, su ma yawancin ɗawainiyarsu a wuyan En'e ta ke.

Wannan tsari yana da kyau ɗaya da aibi ɗaya, kuma tushensu guda ne. Kyansa shi ne kuɗin ba su yi nisa da mai biyansu ba. Manomin da ya ba da haraji yana iya ganin ginin da aka yi da shi, sarki kuma yana iya aika wakilinsa ya ƙirga yara. Aibinsa shi ne makaranta ba ta wuce ƙarfin baitulmalin da ya haife ta. Kano mai gyaɗa da yawan jama'a tana iya abin da ƙaramar En'e ba ta ko mafarkinsa. Ga shi kuma iyaye da dama ba su ɗauki makarantar a kan tasu ba ce, sun ɗauke ta wani irin haraji ne na biyu, wanda a ke biya da ɗa.

Abin da ya wuce Midil, Gwamnati ce ta riƙe shi da kanta. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ba ta taɓa ɗaukar ɗalibai da yawa ba. An mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949. Daga ƙofarta ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito. Shugabanninta Turawan Ma'aikatar Ilmi ne, a kan aiko su a kan ɗauke su kamar ko wane ma'aikacin Gwamnati, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, gama mai biya shi ne mai aikowa.

Tsarin mulki na 1951 da na 1954 suka miƙa sha'anin ilmi ga jihohi uku. (A Hausar wancan zamani jiha tana nufin Arewa duka, ko Yamma, ko Gabas, sai bayan 1967 kalmar ta tsuke ta koma sunan yanki ƙarami.) Nan hanyoyi suka rabu. Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a Janairu 1955, yaran makarantunta suka tashi daga kimanin 457,000 zuwa kimanin 811,000 cikin shekara guda. Jihar Gabas ta bi ta a 1957, kuɗi suka gaza, tilas ta mai da kuɗin makaranta a wasu azuzuwa a shekarar da ta biyo. Gwamnatin Sardauna ba ta shiga wannan tsere ba. Ta sa ƙarfinta ga kwalejojin horon malamai, da makarantun sakandare, da Yaƙi da Jahilci na manya. An zarge ta da jan ƙafa, kuma zargin bai rasa tushe ba, domin ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu ta ƙara faɗi a shekarun nan. Amma fa hujjarta ma ba ta banza ba ce: aji ba malami rumfa ce kawai. Alhaji Isa Kaita, wanda ya riƙe Ma'aikatar Ilmi daga 1957 har 1966, a zamaninsa ne aka yi dokar ilmi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilmi na yankuna, ta kuma tsara yadda Kaduna da En'e da 'yan mishan za su raba nauyin firamare. Daga nan kuɗin Kaduna suka fara rinjayar na baitulmali.

Damuwar da ta fi ci wa Gwamnatin Arewa tuwo a ƙwarya ita ce ta ma'aikata. Mulkin kai ya ƙarato, Turawa za su tafi, Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948 kuwa 'yan Arewa da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba. Kwamitin Ashby, wanda aka naɗa a 1959 ya kuma ba da rahotonsa a 1960, ya ba da shawara a kafa jami'a a Zariya. Ba a gina ta daga fili ba. Haɗa ta aka yi daga abin da ke akwai: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da Makarantar Koyon Mulki ta Kongo, da kwalejin Kano da aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero. Ta buɗe ran 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426.

Majalisar Jihar Arewa ce ta yi dokarta, Gwamnatin Jihar ce uwarta, ko da ya ke Gwamnatin Tarayya tana ba da nata kaso, taimako kuma yana zuwa daga Ingila da Amurka. Jami'ar Jihar Kansas, alal misali, ta aiko malaman aikin gona da na likitan dabbobi. Firimiya da kansa ya zama uban jami'a. A nan akwai wuri mai ruɗarwa wajen fassara. Bisa al'adar Ingila, muƙamin da ya fi girma a suna na girmamawa ne, mai shi ya kan zo ran bikin yaye ɗalibai. Wanda sunan muƙaminsa ya ke nuna mataimaki ne, shi ne mai aikin yau da kullum. Masu fassara kalma da kalma su kan ce mataimakin shugaba, su sa mai karatu ya zaci akwai wani a ofis na gaba. Ya fi dacewa a ce da na farko uban jami'a, na biyu shugaban jami'a. Sai dai a Zariya ta 1962 uban ba na biki kaɗai ba ne, tun da shi ne kuma mai riƙe da makullin taskar Kaduna. Shugaba na farko, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, masanin kimiyyar fiziya da aka ɗauko daga Ibadan, ya sami sauƙin da magadansa ba su samu ba: mai kuɗi ɗaya ne, yana kusa, yana kuma son abin ya yi kyau domin sunansa ne a kai.

Aka kashe Sardauna a Janairu 1966. A shekarar ne Dokta Ishaya Audu, likitan yara, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar. A Mayu 1967 aka raba Arewa jihohi shida, jami'ar ta wayi gari da iyaye shida maimakon ɗaya, a ƙarƙashin hukumar riƙon ƙwarya da aka kafa don kula da kayan da jihohin suka gada tare. A ido wannan rauni ne, domin ɗan da ke da iyaye da yawa ya kan kwana da yunwa. A aikace kuwa shekarun nan tara suna cikin waɗanda jami'ar ta fi bunƙasa, kuma ana iya cewa rarrabuwar ikon ta taimaka. Ba gwamna ɗaya da zai iya cewa tasa ce shi kaɗai, balle ya sauke shugabanta don ransa ya ɓaci. Cikin wannan sarari ne aka kafa makarantar share fage, wadda ta ɗauki yaran da suka gama sakandare ta shirya su shiga jami'a, domin makarantun Arewa masu aji shida ba su da yawan da za su cika ta. Shugaban da ya ga inda tsani ya karye, ya sami damar ɗaure shi da kansa.

Man fetur ya kawo ƙarshen wannan zango. Bayan tashin farashinsa a 1973 taskar Ikko ta cika ta yi ambaliya, jihohi suka koma masu jiran rabo. A 1974 aka ba Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ikon doka, ita da tun 1962 shawara kawai ta ke bayarwa. Dokta Jibril Aminu ya zama sakatarenta a 1975. A wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta karɓi Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma kafa sababbi a Sakkwato da Maiduguri da Jos da wasu garuruwa. Kwalejin Kano ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A ƙasa ma haka: a Satumba 1976 aka fara ilmin firamare kyauta a ƙasa duka da kuɗin Tarayya, aka shirya wa yara kimanin miliyan 2.3, sai wajen miliyan 3 suka bayyana, aka yi ta ɗaukar malamai na gaggawa, irin abin da Kaduna ta ji tsoro shekara ashirin kafin nan. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e. Da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji a Kano da Kaduna a 1979, igiyar da ta ɗaure mai biya da makarantar ƙauyensa ta tsinke a jihohin nan biyu, ko da ya ke talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili.

Ba a daɗe ba aka ga abin da sabon tsarin ya ke nufi ga shugaban jami'a. A 1978, kuɗin mai sun ja baya, aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi. Ba a Zariya aka yanke wannan shawara ba, a Ikko aka yanke ta. Ɗalibai suka tashi a watan Afrilu suna neman a cire Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na Tarayya. Aka harbe ɗalibai a Ikko da Zariya. Bayan bincike aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, aka sauke Farfesa Ade Ajayi na Jami'ar Ikko, Farfesa Iya Abubakar na Zariya, masanin lissafi, shi ma ya bar kujerarsa a shekarar. Kwamishinan bai tafi a wannan rikici ba. Aka ɗauko Farfesa Akinkugbe daga Ilorin aka kai shi Zariya, kamar yadda a kan yi wa Razdan canjin lardi, bai kuwa wuce shekara guda da 'yan watanni ba. Ƙarshen wannan hanya shi ne 1995, sa'ad da gwamnatin Janar Abacha ta aiko Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe jami'ar shi kaɗai har 1998.

An yi ƙoƙarin gyara ta fuska biyu. Ta fuskar kuɗi, yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi da Gwamnati a 1992, Attahiru Jega yana shugabanta, ta haifi harajin ilmi na 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a lokacin. Asusun ne ya zama TETFund a 2011, wanda sunansa ke rubuce a jikin sababbin gine-gine da yawa na jami'o'i. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kuma ta ware wa firamare da ƙaramar sakandare kashi 2 cikin ɗari na asusun Tarayya, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata daidai da abin da za ta karɓa, sharaɗin da ya sa kuɗin jihohi da dama suka yi shekaru a ajiye ba a ɗauka ba. Ta fuskar shugabanci, dokar da aka yi wa gyara a 2003 ta ba majalisar gudanarwa ta ko wace jami'ar Tarayya ikon zaɓen shugaba. Sai dai shugaban majalisar da wasu 'ya'yanta Shugaban Ƙasa ne ya ke naɗa su, albashi kuma daga Abuja ya ke zuwa. A Yuni 2023 aka rushe majalisun jami'o'in Tarayya duka da sanarwa ɗaya, ba a naɗa sababbi ba sai bayan kusan shekara guda.