KWANA BIYU A BIRNIN KOLON

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa sai ga wanda ya tsaya ya yi tambaya. Wani magidanci da mai ɗakinsa da 'ya'yansu uku sun ya da zango na kwana biyu a Kolon, birnin da ke bakin kogin Rain a yammacin ƙasar Jamus. Da yake lokaci ƙanƙane ne, sai maigidan ya yanke shawara su zaɓi wurare kaɗan su fahimce su, maimakon su yi ta gudu daga wannan unguwa zuwa waccan.

Da fitarsu daga babbar tashar jirgin ƙasa suka yi kiciɓis da babbar majami'ar birnin, wadda tsawon hasumiyoyinta ya kai mita 157. An aza harsashinta a shekarar 1248, aikin ya tsaya cik na kimanin ƙarni uku, aka koma kansa a 1842, kana aka kammala a 1880, watau bayan shekara 632. Yaran sun nace sai sun hau hasumiyar kudu, suka ƙirga matakala 533 kafin su hango kogin da gadar Hohenzollern.

Daga can sama ne uban ya bayyana musu abin da ya sa galibin gidajen da suke gani sababbi ne, alhali Rumawa sun ɗaukaka garin zuwa birni tun shekara ta 50 Miladiyya. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun ragargaza kusan dukan tsakiyar Kolon. Majami'ar ma ta sha luguden wuta, amma ba ta faɗi ba, kuma mutanen garin suka sake gina birninsu kewaye da ita.

Kashegari suka ziyarci gidan tarihin cakulan da aka buɗe a 1993, inda yaran suka ga yadda ake sarrafa koko, suka kuma leƙa gidan Farina, wanda ya fara sana'ar turare a 1709. Da azahar suka yi salla a babban masallacin unguwar Ehrenfeld, wanda aka yi bikin buɗewarsa a 2018. Maigidan bai manta ya gaya wa yaran ba cewa daga wannan birni ne sashen Hausa na Muryar Jamus ya riƙa watsa shirye-shiryensa, kafin gidan rediyon ya ƙaura zuwa Bon a 2003.

Abin da ya fi tsaya wa iyalin a rai shi ne magina da masu sassaƙar dutse da suka gani a jikin majami'ar. Waɗannan ma'aikata ne na dindindin, aikinsu su sauya duwatsun da ruwa da iska suka cinye. Har mutanen Kolon kan ce ranar da aka gama gyaran ginin, ranar duniya za ta tashi. Lalle wannan abin lura ne ga duk ma'aikacin da aka danƙa wa amanar kayan jama'a, domin gini ba ya daɗewa sai an ware masa kuɗi da masu kula kowace shekara.