Fijo da Ƙafafunta na Gaba

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Ɗanbatta ke ci, titin da ya taso daga Kano ya nufi Kazaure da Daura ba ya samun hutu. A cikin motocin da ke sauke buhunan gero da gyaɗa, har gobe ana cin karo da tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, musamman a-kori-kurarta. Golf da Sharon sun daɗe da ƙwace mata fasinja, amma kayan ƙauye ba su sake ta ba. Mai lura zai ga da yawa a cikinsu sun fi tsayin da kamfani ya yi su da shi. An ɗaga su, don kada cikinsu ya daki tudun yashi a hanyoyin burji.

Motar ta fito a Faransa a 1968, a shekarar da ta biyo baya kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, a shekarar ce kuma Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan nan. Ana yawan yabon injinta. Sai dai direbobin da suka tsufa a kanta sun san rabin ƙarkonta a ƙafafu yake, domin tayarta na da doguwar tazarar hawa da sauka, ta faɗa rami ta fito ba tare da bodi ya girgiza sosai ba.

Ƙafar gabanta irin tsarin nan ce da injiniya Earle MacPherson ya ƙirƙira, wanda ya shahara a Ford Consul ta Ingila a 1950. Shok da sifirin a haɗe suke wuri guda, samansu ya kama bodi, ƙasansu kuma hannun ƙarfe ɗaya ke riƙe da shi ta boljoyin. Tsari ne mai sauƙin gyara, shi ya sa makanikai ke sonsa. Amma kowane ƙarfe a cikinsa an auna inda zai tsaya, kuma awon ya rataya ne kacokan a kan tsayin motar.

Nan ne ɗaga mota ke shigo da matsala. Idan aka cusa zoben ƙarfe a saman shok, ko aka sa sifirin da ya fi na asali tsawo, bodi zai tashi, hannun ƙasa ya sunkuyo, sai kan taya ya karkata waje. Wannan karkatar ita ce kamba. Tayarod ma, wanda ke kai umarnin sitiyari ga taya, zai bar shimfiɗarsa ya jirkice, ya ja bakin tayoyin daga inda suke kallo. Daga ranar, duk ramin da motar ta faɗa, tayar na ɗan juya kanta ba da izinin direba ba. Idan dogon sifirin aka sa, shok ɗin kuma ya kusa miƙewa ƙarshensa tun motar tana tsaye, don haka ake jin ƙwas a kowane tudu.

Lissafin ɓarnar ba shi da wuya. Rim mai inci 14 faɗinsa kusan santimita 36 ne. In taya ta kauce da milimita 2 kacal a wannan faɗin, to a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice sama da mita 5 a kan kwalta. Ido ba ya ganin milimita 2, amma aljihun mai mota yana ji, domin tayar da ya kamata ta shekara sai ta cinye gefe ɗaya tun kafin kaka ta wuce, tsakiyarta na nan da sauran zane.

Lodi ma yana yin irin wannan aikin ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba. A-kori-kurar da aka jibga wa buhuna har bayanta ya zauna, gabanta tashi yake yi, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta koma haska idon mai tahowa. Ƙarin ganyen sifirin a baya yana rage zaman, amma birkin na nan yadda yake, ba a ƙara masa komai ba.

Canza awon ƙafar gaba ba laifi ba ne a kansa. A Amurka, masu tsofaffin motocin nan masu ƙaton inji na shekarun 1960 sun mai da shi sana'a. Misalin da ya fi shahara shi ne Mustang GT350 ta 1965, wadda kamfanin Carroll Shelby ya sauke mazaunin hannun sama na ƙafar gabanta da inci ɗaya, bisa lissafin wani injiniyan Ford mai suna Klaus Arning. Sakamakon shi ne tayar waje ta daina kifewa a kwana, ta zauna daram a kan titi. Har yau masu irin motar na huda waɗannan ramuka, amma da ma'aunin ƙarfe da ke nuna daidai inda za a huda, kuma ba sa hawa titi sai an sake alaimen, wato awon kallon tayoyi. Inci ɗaya ne, amma sai da aka zauna aka lissafa shi.

Makanikan Ɗanbatta da na Kano ba basira suka rasa ba. Mutumin da ya riƙe motar shekara arba'in a kan hanya da kayan gyara na Ƙofar Ruwa da dabarar hannunsa ya cancanci girmamawa. Abin da ke ɓata aikin shi ne gaggawa da tsimin kuɗi: a ɗaga mota da safe, da azahar ta yi lodi. Mafi muni shi ne a gasa hannun ƙafa da wuta a lanƙwasa shi don taya ta miƙe, ko a yi wa tayarod walda. Ƙarfen da aka gasa ya bar ƙarfinsa na asali, kuma tayarod ɗin da ya tsinke a guje ba ya barin direba da komai a hannu.

Awon kansa bai gagari garejin ƙauye ba. Bayan an tabbatar bushin da boljoyin ba su da wasa, an kuma daidaita iskar tayoyi, ana tsai da motar a daɓen da ya shimfiɗu. Sai a ja zare biyu, ɗaya a kowane gefe, daga baya zuwa gaba, a auna da tef tazarar zaren da bakin rim ta gaba da ta baya. Igiyar magini mai dalma a ƙarshe tana nuna karkatar taya. Tayarod na da zare irin na ƙusa, ana juya shi a gyara kallon tayoyin. Idan kuwa kamba ta kauce sosai, alama ce an ɗaga motar fiye da kima ko wani ƙarfe ya lanƙwashe, kuma maganinsa rage tsayin ko canza ƙarfen. Motar da kullum a cike take tafiya, gara a auna ta da kwatankwacin nauyin da ta saba ɗauka, domin a wannan tsayin tayoyinta ke aiki daga Ɗanbatta har Kwangwalam.