Ina Dajin da ke Bayan Garinmu?

Ran nan wata yarinya 'yar ajina ta zo makaranta a makare, har mun gama darasin farko. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce uwarta ce ta aike ta itace tun da asuba, ba ta kuwa sami abin ɗaurewa ba sai da ta ƙetare rafi. Ban yi mata faɗa ba. Sa'ad da nake kamarta, a bayan dangarmu muke tsintar ƙirare.

To, ina dajin ya tafi? Ba iska ce ta kwashe shi ba, mu ne muka yawaita. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya kusan miliyan 56 ne, a ta 2006 sun kai miliyan 140, yau kuwa sun wuce miliyan 200. A Nijar ma haka: miliyan 5 a 1977, miliyan 17 a 2012. Kowane baki yana son tuwo, kowace tukunya kuma tana son wuta.

A zamanin kakanninmu, in gona ta gaji sai a bar ta saura, a tafi a sari sabuwa. Kafin a komo mata, ciyawa da itatuwa sun mayar mata da ƙarfinta. Yanzu fa? Gonar mutum ɗaya 'ya'ya huɗu suka raba, jikoki kuma suna jira. Wa zai bar saura? Itace ya yi wuya, sai mata suka koma ga kara da kashin shanu, watau abincin ƙasa ke nan muke ƙonewa. Gona ta zama fili fetal, iskar farkon damina ta binne gero da rairayi, manomi ya sake shuka har sau biyu ko uku.

Amma kada mai karatu ya ce ashe yawan mutane da itatuwa ba sa zama wuri ɗaya. Abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, cikin Nijar, ya nuna ba dole ba ne. Can ma daji ya ƙare, aka yi ta dashe, yawancin dashen yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Sai ya lura da ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara. Ashe tohon kututture ne, tsohuwar saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Aikin ba wuya. Maimakon a sare toho duka, manomi zai zaɓi masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya riƙa rage rassan ƙasa. Tun da saiwa ta riga ta kai ga laima, girman yana da sauri ƙwarai. Da fari mutane sun yi dariya, gama a ganinsu malalaci ne kaɗai yake barin gonarsa da datti. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itace a ƙofar gida, ga ganyen dabbobi, ga gero ya tsira daga iska. Maƙwabta suka soma kwaikwayo.

Akwai wani abu kuma da nake gani ya fi dabarar kanta nauyi. A dā doka ta mai da itatuwa kayan gwamnati, mutum ya sari na gonarsa a ci shi tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Da aka sassauta wannan, manoma suka ɗauki itace kamar akuyar gida. Masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin shekara 20 da 'yan kai an farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, alhali jama'a ƙaruwa suke yi. A wajen Damagaram gawo ne ya fi yawa, shi da yake zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana.

Bana da bazara na kai 'yan ajina gonar makaranta, muka ƙidaya kututture 31 masu toho, yawancinsu kalgo da sabara. Muka ɗaura wa kowanne jan tsumma domin masu sassabe su gani su tsallake. Awaki sun riga sun cinye mana 6.