Kuɗin Goro: Daga Uromi Zuwa Dazukan Zamfara

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan jihar Kano suka hau babbar mota daga Fatakwal za su gida. Da suka iso Uromi a jihar Edo, 'yan sintiri suka tare motar, suka ga bindigogin toka irin na farauta. Nan take aka ce ai masu garkuwa da mutane ne. Kafin hukuma ta yi wani abin kirki, jama'a sun taru sun kashe mutum 16, wasu ma ƙona su aka yi. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne.

Mutanen yankin ba ƙarya suke yi ba idan sun ce satar mutane ta addabe su. Sai dai babu wanda ya tsaya a gaban waɗannan bayin Allah ya ce ga wanda suka sata, ga ranar, ga wurin. Hujjar da aka kafa da ita ba ta wuce harshe da sutura da kamannin fuska ba. An ji cewa 'yan Arewa ne ke ɓarna a daji, ga kuma 'yan Arewa da bindiga, shi ke nan shari'a ta ƙare. Abin da kuɗin goro ke yi ke nan: a ɗauki laifin wasu a shafa wa kowa da kowa, har mutum ya daina zama Audu ko Tanko, ya koma "irinsu".

Arewa ta yi kuka, kuma da gaskiyarta. Sai da gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya tako har Kano ya yi ta'aziyya. Amma da za mu yi wa kanmu adalci, da mun tambaya: mu fa, wa muke yi wa haka a gida?

Amsar ba ta da nisa. Bafulatani ne.

Babu mai musun cewa manyan 'yan bindigar da suka hana Zamfara da Katsina da Sakkwato barci, irin su Bello Turji, Fulani ne. Ɓoye wannan ba taimako ba ne. Amma Fulani miliyoyi ne, daga Senegal har Sudan, cikinsu akwai malamai da alƙalai da sojoji da likitoci, akwai kuma tsohuwar da ke tafe da ƙwaryar nono tun asuba. Waɗanda suka ɗauki makami ba su taka kara sun karya ba idan aka auna su da wannan yawan. Abin da ake yawan mantawa kuma shi ne, masifar ta fara ne da satar shanu, kuma makiyayi ne aka fara talautawa. Mutumin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai a hannu, shi ne kuma gobe zai shiga kasuwa a bi shi da kallon ɓarawo.

Me ya sa zuciya ke saurin karɓar irin wannan hukunci? Saboda sauƙi. Tantance mutum ɗaya-ɗaya aiki ne, shi kuwa mai jin tsoro ba shi da haƙurin aiki. Daga nan sai ido ya riƙa zaɓen abin da zai gani. Idan Bafulatani ya yi fashi, sai a ce "ka gani ko, halinsu ne". Idan ɗari suka wuce da shanunsu lafiya, babu mai lissafawa. Idan kuwa ɗan garinmu ne aka kama, sunansa za a kira, a ce ɗan wane ya lalace, ba za a ce halin Hausawa ba ne. Wasu jaridu ma sun taimaka, domin sun daɗe suna liƙa sunan ƙabila a kanun labari tun kafin a kama kowa. Yanzu kuma ga Facebook da WhatsApp, inda tsohon bidiyo daga wata ƙasa ke dawowa da sabon suna. Muna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, to amma wannan maganar ta madafi ce. A wajen hukunci, addini da dokar ƙasa duk sun tsaya a kan cewa mai laifi shi ke ɗaukar laifinsa.

Illar da ta fi damuna ita ce wadda ba a cika magana a kanta ba: kuɗin goro yana ciyar da ɓarnar da ake cewa ana yaƙa. Lokacin da 'yan sa-kai suka bazu a Zamfara, an sha kama Bafulatani a kasuwa a kashe shi a bainar jama'a ba tare da bincike ba, an kuma ƙone rugage. Masu nazarin rikicin, ciki har da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya gabatar da bincikensa a 2021, sun nuna yadda wannan ya tura matasa da dama daji. Yaron da aka kashe ubansa don kawai yana Bafulatani, aka kuma toshe masa hanyar kasuwa, ina ake so ya nufa? Ɗan bindiga yana can yana jiransa da maganar da ya fi so: "Ai na faɗa maka, ba sa ƙaunarmu." Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya kashe manoma ko ya sace ɗalibai. Bayani ne na yadda rundunarsu ke ƙaruwa.

Sannan kuɗin goro yana makantar da masu tsaro. Wanda ya fi kowa sanin lungunan daji shi ne makiyayi, amma ta yaya zai kawo rahoto alhali ya san shi za a fara tuhuma? Shi kuwa mai laifin da bai yi kama da "irinsu" ba, sai ya sha kuruminsa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta sa aka katse layukan waya, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, ya tona wani abu: mai da burodi da ƙwaya da bayanan sirri daga cikin gari suke fita, ta hannun mutanen da ake sallah sahu ɗaya da su.

Wani zai ce ai mun gaji tsokanar juna, ga Bafulatani da Babarbare, ga Bakano da Bazazzage. Haka ne, har ma UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: ido da ido ake yi, kowa yana ramawa, kuma abokin wasa ba ya zubar da jinin abokin wasansa. Abin da ake faɗa a bayan ido, a lokacin tsoro, a kan wanda ba shi da bakin ramawa, wani abu ne daban. Kuma kuɗin goro yana juyawa ta kowace fuska. A watan Yuni na 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun ba Ibo wa'adin barin yankin saboda fafutukar 'yan Biyafara. A farkon 2021 ɗan fafutukar Yarbawa Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan a jihar Oyo nasu wa'adin, aka ƙone gidan Sarkin Fulani.

Wanda ke son ganin inda hanyar ke kaiwa ya dubi tsakiyar Mali. Shugaban 'yan ta'adda Amadou Koufa ya ɗebi mayaƙa da yawa daga cikin Fulani, sai aka wayi gari ana kallon kowace ruga a matsayin sansanin 'yan ta'adda. Ranar 23 ga Maris 2019 mahara, waɗanda aka zarga da zama mafarautan ƙabilar Dogon, suka afka wa ƙauyen Ogossagou, suka kashe Fulani kusan 160, har da mata da ƙananan yara. Gwamnati ta ba da umarnin rusa ƙungiyar mafarautan, amma ba ta rusu ba. Mayaƙan Koufa ba su ragu ba, ƙauyukan Dogon ma suka shiga karɓar hare-haren ramuwa. A watan Fabrairu na 2020 aka sake dawowa Ogossagou, aka kashe fiye da mutum 30.