*CIZON KUSU BA ABIN RAINI BA NE*



Ɓera, ko kusu kamar yadda muke cewa a Sakkwato, yakan ciji yaro a yatsa yana barci, musamman in bai wanke hannu ba bayan cin tuwo. Samari masu haƙar ramin gafiya su ma suna shan cizo. Sai a goge jinin a manta. To, a nan haɗarin yake.

*Me ke kawo cutar?*
Bakin ɓera, na gida da na daji, yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya iri 2 masu sa zazzaɓi: Streptobacillus moniliformis da Spirillum minus. Shi ɓeran lafiyarsa lau. Suna shiga jiki ta cizo, yakushi, ko abincin da ya ɓata. A 1926, madarar da ta gurɓata ta kwantar da mutane da dama a garin Haverhill na Amurka, ba tare da cizo ba.

*Alamomi*
Bayan kwana 3 zuwa 10, wani lokaci har mako 3: zazzaɓi, ciwon kai, amai, ciwon gaɓoɓi da ƙuraje a hannu da ƙafa. Sau da yawa raunin ya riga ya warke, sai a ɗauka maleriya ce. Maganin maleriya kuwa ba ya kashe wannan ƙwaya. In ba a yi magani ba, tana iya taɓa zuciya, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na iya rasuwa.

*Abin yi*
1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai tsabta.
2. A je asibiti, kamar Specialist ko UDUTH, a faɗa wa likita ƙarara: kusu ya cije shi. Fenisilin na maganinta, kuma zai duba batun allurar tetanus.
3. Zuma da habbatus sauda na da albarka, amma kada su sa a jinkirta ganin likita.

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da rufe kwanukan abinci da abin sha da dare, ya kuma halatta kashe ɓera ko a Harami. Maigida, toshe ramuka. Uwargida, rufe tukunya da randa. Wannan sunnar tana taimakawa wajen kare gida daga zazzaɓin Lassa ma.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.