Rumbun Iri A Jikin Kififiya

Duk wanda ya taɓa wanka a tafki da damina ya san kififiya, watau kunkurun ruwa. Mukan gan ta ta leƙo da kai, da ta ji motsi sai ta nutse. In rani ya yi, tafki ya ƙafe, akwai wadda kan binne kanta cikin laka har ruwa ya dawo. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar yadda take hayayyafa. A kan wannan zan ɗan yi bayani. Ina roƙon iyayenmu su gafarce ni in na ambaci abin da ba a saba faɗa gaban manya ba, domin mai kunyar tambaya ba ya samun ilmi.

Mu fara da namiji. Marainansa ba a waje suke kamar na rago ba, suna can ciki kusa da ƙoda. In an duba su da madubin likita za a ga cike suke da siraran bututu a nannaɗe. A jikin bangon bututun nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan, waɗanda za mu iya kira uwayen maniyyi. Aikinsu shi ne rabuwa. Sa'ad da suka rabu, waɗansu sukan zauna yadda suke, waɗansu kuwa su yi ta rarrabuwa suna sake kama, har su zama maniyyi mai kai da wutsiya.

Me ya sa ba su zama maniyyi duka? Ku dubi manomi. Komai yunwa ba ya cinye hatsinsa gaba ɗaya, tilas ya ware iri don baɗi. To, waɗanda suka zauna ɗin nan su ne irin. Saboda su ne namiji yake iya yin shekaru aru-aru... ba aru-aru ba ma, tun balagarsa har tsufansa, rumbunsa bai ƙare ba.

Kamar noma kuma, aikin yana da lokacinsa. A ƙasashen sanyi, kamar Amurka da Sin, uwayen maniyyi kan kama aiki da lokacin zafi, su gama da kaka. Sai a tara maniyyin cikin wata jijiya da ke manne da maraina. Da hunturu dabbar takan kwanta ƙarƙashin ruwa, uwayen ma su huta, ajiyar tana nan har zafi ya dawo.

Mace ita ma tana da nata rumbu. Bayan barbara takan adana maniyyi cikin hanyar ƙwai na watanni. An sami wata iri a Amurka mai adana shi har shekara 3, tana yin ƙwai masu ƙyanƙyashewa ba tare da ta sake saduwa da namiji ba.

Kififiya ba ta kwanci kamar kaza. Takan fito tudu ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, ta rufe, ta koma ruwa. A yawancin ire-irenta zafin ramin nan shi ke sa a sami maza ko mata. A 1966 wata masaniya Bafaranshiya, Madeleine Charnier, ta fara lura da haka a Dakar, cikin ƙwan ƙadangaren nan da muke kira jan gwada. Daga baya aka tabbatar da shi ga kififiya. Akwai wata ta Amurka mai jan tabo a gefen kai: in an ajiye ƙwanta a zafin digiri 26 na ma'aunin Salshiyas, maza ke fitowa, a digiri 32 kuwa mata zalla. Ke nan in duniya ta ci gaba da ɗumama, maza na iya yin ƙaranci.

Wani zai ce, ina amfanin sanin duk wannan? Ga misali. A ƙasar Sin akwai wata katuwar kififiya ta kogin Yangtze wadda ta kusa ƙarewa. A 2008 aka haɗa mace da namiji a gidan dabbobi na Suzhou. Macen ta yi ta zuba ƙwai, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba, domin namijin ya tsufa, ga shi da tsohon rauni. Ta mutu a 2019.

Tun 1994 Ralph Brinster na Jami'ar Pennsylvania ya nuna ana iya ɗebo uwayen maniyyi daga ɓera a dasa wa wani ɓera marar haihuwa, ya samar da maniyyin na farkon. An yi makamancin wannan ga kifi a Japan. Shi ya sa masana ke nazarin waɗannan ƙwayoyi a jikin kififiya, da fatan wata rana a iya daskarar da su a ajiye, kamar iri a rumbu.

Amma rigakafi ya fi magani. 'Yan'uwana ɗalibai, kififiya takan yi shekaru kafin ta fara ƙwai, kuma gafiya, guza da tsuntsaye kan cinye mafi yawansu. In kun ga ramin ƙwanta a bakin tafki, ku bar shi. In kun gamu da ita a tudu da damina, wataƙila wurin zuba ƙwai take nema; ku ba ta hanya.